Laftof yana ɗaura foldar sabar, allona mai Linux ya ƙi: ina matsalar take?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Injiniya. Ina aiki da wani ƙaramin allo mai ARM. Kanel ɗinsa Linux 3.10 ne, wanda ya zo daga masu ƙera shi, sauran tsarin kuma da Buildroot na haɗa, BusyBox ne a ciki. Ina so ya riƙa ajiye bayanan da yake tattarawa a kan sabar da ke da Ubuntu 22.04 ta hanyar NFS. In na buga mount sai ya ɗan tsaya, sannan ya ce Connection refused, alhali laftof ɗina yana ɗaura foldar nan take. Na gwada wata folda ta Windows da -t cifs, ya ce Host is down, ga shi ping yana tafiya lafiya. Akwai kuma allo na biyu da wani ya saita kafin ni: shi in da hannu ne yana ɗaurawa, amma in aka bar wa fstab, wani lokaci ya ɗaura, wani lokaci a'a. Don Allah ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsala uku ka haɗa a tambaya guda, kuma kowacce da tushenta: NFS, wato tsarin raba foldoji ta hanyar sadarwa, da aka ƙi karɓa, foldar Windows da ake ce maka sabar ta mutu alhali tana raye, da ɗaurin da yake yi yau gobe ya ƙi. Kafin mu shiga cikinsu sai ka cire wani tunani daga ranka. Nasarar laftof ɗinka ba ta wanke sabar ba, ba ta kuma nuna allonka ya lalace ba. Abin da ta nuna kawai shi ne laftof yana da mataimakan da allon ba shi da su.

A kan laftof, in ka buga mount, wato umarnin ɗaura folda, ba shi ne yake yin aikin ba. Yana miƙa shi ga wani shiri mai suna mount.nfs daga kunshin nfs-utils. Wannan shirin yakan fara gwada sabuwar sigar NFS, in ba a karɓa ba ya sauko ƙasa, in ana bukatar rpc.statd ya tayar da shi, duk ba ka sani ba. A allonka kuwa mount na BusyBox ne, ƙaramin shiri da aka rage don ya shiga ƙwaƙwalwa kaɗan. Abin da ka rubuta shi yake miƙa wa kanel, wato zuciyar tsarin Linux, in kanel ya dawo da lambar kuskure ya fassara ta zuwa jimla ɗaya ya buga maka. Jimlar nan ba ta faɗin wa ya ƙi, ba ta faɗin a wane mataki. Saboda haka duk lokacin da ɗauri ya ƙi, abu na farko shi ne ka buga dmesg, mai nuna rahoton kanel, a allon ka karanta layukan ƙarshe, na biyu kuma ka buɗe rahoton sabar da journalctl -f kana kallo yayin da kake sake gwadawa. Rabin aikin a nan yake ƙarewa.

Wa ya ce "Connection refused"?

NFS tsohon tsari ne, kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 1984. Siga ta 3, wadda aka wallafa a 1995 kuma ita ce mafi yawan ƙananan na'urori suke amfani da ita, ba ƙofa (port) ɗaya take bi ba. Allon zai fara tambayar rpcbind na sabar a ƙofa ta 111 ya gaya masa inda mountd yake. Sai ya je wurin mountd, wanda lambar ƙofarsa takan canza in ba a ƙayyade ta ba, ya nemi izinin foldar. Sannan ya koma ƙofa ta 2049 inda ake ainihin karatu da rubutu. Bayan waɗannan akwai kulle fayiloli, wanda lockd da statd suke kula da shi, kuma a nan ne abin yake juyawa: domin kulle ya yi aiki, shi ma allon dole ya kasance yana da nasa rpcbind da rpc.statd suna gudana.

A tsarin da aka haɗa da Buildroot ba tare da nfs-utils ba, babu ko ɗaya daga cikinsu. Kanel ya yi ƙoƙarin rajistar lockd a wurin rpcbind na cikin gida, bai sami kowa ba, ya dawo da lambar kuskure 111, wadda ita ce Connection refused. Wato allonka ne ya ƙi kansa, sabar ba ta ce komai ba. In haka ne, a dmesg za ka ga layi irin wannan: svc: failed to register lockdv1 RPC service, ko kuma rpcbind: server localhost not responding. Kalmar localhost ita ce shaidar. Daga yadda ka kwatanta, ɗan tsayawa sannan ƙi, wannan ne zatona na farko. Gwada haka:

mount -t nfs -o nolock,vers=3,proto=tcp 192.168.1.10:/srv/data /mnt

Ka sa adireshin sabar da lambobi, kada ka sa suna, don kada matsalar DNS ta shigo cikin binciken.

Amma ka san abin da ka sayar da nolock. Kullen fayil zai ci gaba da aiki tsakanin shirye-shiryen da ke cikin allon, sai dai sabar da sauran na'urori ba za su gan shi ba. In kowane allo yana rubutu a nasa fayil, ba komai. In allo biyu za su taɓa fayil guda, musamman rumbun bayanai irin SQLite, to ana iya lalata shi ba tare da wani gargaɗi ba. A wannan halin sai ka ƙara rpcbind da nfs-utils a Buildroot, ko ka koma siga ta 4 in an gina ta a kanel ɗinka. Siga ta 4 ta haɗe komai, har da kulle, a ƙofa ta 2049 kaɗai, abin da ke sa ta fi sauƙi a inda akwai katangar tsaro (firewall).

Sauran zaɓi biyun da na sa ba ado ba ne. Tsohon kanel da sabuwar sabar ba zamaninsu ɗaya ba. Sababbin sabar Linux suna zuwa da siga ta 2 a kashe, UDP ma a kashe. A sabar ka buga cat /proc/fs/nfsd/versions, za ka ga abu kamar -2 +3 +4 +4.1 +4.2, alamar ragi tana nufin an kashe. Sai rpcinfo -p ya nuna maka ko nfs yana sauraro a udp ko tcp kaɗai. Duk wanda ya bar allonsa ya zaɓi siga da kansa ya bar ƙofar ruɗani a buɗe, don abin da kanel 3.10 ya ɗauka a matsayin al'ada ba shi ne na yau ba. Inda wannan ya fi cizo shi ne masu tayar da allo gaba ɗaya daga sabar da root=/dev/nfs. A kanel irin naka, nfsroot yana farawa ne da siga ta 2 a kan UDP in ba a ce masa komai ba, sai ya tsaya cik har ya mutu da VFS: Unable to mount root fs via NFS. Maganin shi ne a ƙara ,vers=3,tcp a ƙarshen nfsroot= a layin da U-Boot, shirin da ke tayar da allon, yake miƙa wa kanel. Shi kansa umarnin nfs na U-Boot da UDP yake aiki, shi ya sa da yawa suke barin TFTP ya ɗauko kanel, NFS kuma ya riƙe tushen fayiloli kawai.

In dmesg bai ambaci localhost ba, kuma saƙon ya zama Connection timed out bayan dogon jira, to ƙunshin bayanai suna fita ba sa samun amsa. Wannan halin katangar tsaro ne. Abin da aka saba gani shi ne an buɗe 2049 an manta da 111 da ƙofar mountd. Laftof bai damu ba tunda da siga ta 4 ya shiga, allon da ke kan siga ta 3 ne ya maƙale. A Ubuntu 22.04 ana ƙayyade ƙofar mountd a /etc/nfs.conf, sannan a buɗe ta a katangar.

Idan saƙon ya koma "Permission denied"

Wannan ci gaba ne, domin yanzu da sabar kuke magana. Rahoton mountd zai faɗi dalili da bakinsa, yawanci a layin da ya fara da refused mount request. In ya ce unmatched host, adireshin allon ba ya cikin waɗanda /etc/exports, fayil ɗin sabar da ke jera foldojin da ake rabawa, ya yarda da su. A ƙananan alluna wannan yana da wani sanadi da ba kasafai ake tunaninsa ba: allon da ba a rubuta masa lambar MAC ta dindindin ba yakan ƙirƙiri sabuwa a kowane tashi, DHCP ya ɗauka baƙo ne ya ba shi sabon adireshi. Ka duba ip link bayan tashi biyu ka gani ko lambar tana canzawa. Mafi muni ma, na sha ganin alluna da yawa da aka kwafa musu hoton ƙwaƙwalwa ɗaya, duk suka tashi da MAC iri ɗaya. Ɗaya-ɗaya kowa lafiya, in aka jona su tare sai ɗauri ya riƙa yankewa ba dalili.

In rahoton ya ce illegal port, sabar tana so buƙatar ta fito daga ƙofa mai lamba ƙasa da 1024, wani abu a hanya kuma ya canza lambar. NAT, mai sauya adireshi a hanya, shi ne yake yin haka, musamman in sabar ko allon gwaji yana cikin kwamfutar kwaikwayo (virtual machine). Ko a cire NAT ɗin, ko a ƙara insecure a layin foldar.

Akwai kuma tarkon da ke cikin /etc/exports kansa. Tsakanin adireshi da bakan da ke ɗauke da zaɓuɓɓuka ba a barin fili. In aka bar fili guda, ma'anar layin ta juye: adireshin da ka rubuta ya sami karatu kawai, zaɓuɓɓukan rubutu kuma suka tafi ga duk duniya. Bayan kowane gyara ka buga exportfs -ra, sannan exportfs -v ka ga abin da sabar ta fahimta, ba abin da kake zaton ka rubuta ba.

In ɗaurin ya yi amma rubutu ya ƙi, root_squash ne. Kusan komai a ƙaramin allo da root yake gudana, sabar kuma tana mayar da root na baƙo zuwa nobody, mai lamba 65534. Mutane suna gaggawar sa no_root_squash. Ga nfsroot a teburin gwaji dole ne, amma ga na'urar da za a kai wani wuri a bar ta, ba na so. Duk wanda ya sami allon a hannunsa ya zama root a foldar sabarka. Na fi son all_squash da anonuid da anongid da ke nuna wani mai amfani da aka ware don wannan aikin, a ba shi mallakar foldar.

Saƙo biyu kuma ba su da alaƙa da hanyar sadarwa sam. No such device yana nufin kanel bai san nfs ko cifs ba: duba cat /proc/filesystems, in babu, gwada modprobe, in ya ƙi sai an sake gina kanel. No such file or directory kuwa sau da yawa foldar da za a ɗaura a kanta ce babu a allon, kuma in tushen squashfs ne, wanda ba a rubutu a kansa, ba za ka iya ƙirƙirarta ba sai a /tmp. Ƙaramin tsokaci ga masu allo mai MIPS maimakon ARM: lambobin kuskure a can daban suke. Abin da yake 111 a ARM, 146 ne a MIPS, 110 na Connection timed out kuma 145. Ka nemi sunan kuskuren, kada ka dogara da lambar da ka gani a rubutun wani.

Foldar Windows da "Host is down"

Wannan saƙon yana cikin mafi yaudara. Sabar ba ta mutu ba, ta katse maganar ne tun a gaisuwa. Kanel 3.10 yana fara magana da SMB1, tsohuwar sigar yaren raba foldoji na Windows, in ba a ce masa komai ba, don sai a kanel 4.13, a 2017, Linux ya daina ɗaukar SMB1 a matsayin al'ada. A shekarar ce mugun shirin nan WannaCry ya bi ta raunin SMB1 ya yi ɓarna a duniya, Windows 10 daga fitowar 1709 ya daina zuwa da ɓangarensa na sabar a girke, Samba ma, shirin da ke raba foldoji irin na Windows a Linux, ya kashe shi daga siga 4.11 a 2019. Allonka yana sallama da yaren da aka daina amsawa, aka rufe masa ƙofa ta 445, kanel ya fassara hakan da lambar kuskure 112, wato Host is down. Ka ƙara vers=2.1 a zaɓuɓɓukan, tare da username da password.

In bayan haka ya ce Invalid argument ko dmesg ya yi ƙorafin sigar, to an gina kanel ɗin ba tare da CONFIG_CIFS_SMB2 ba. A tsofaffin kanel zaɓi ne daban da CONFIG_CIFS, masu ƙera alluna kuma sukan bar shi a kashe. In akwai /proc/config.gz, zcat zai nuna maka. Ka kula da vers=3.0 a wannan kanel: ɓoye bayanai na SMB3 bai shigo Linux ba sai 4.11, don haka foldar da aka tilasta wa ɓoyewa ba za ta buɗu ba ko da kalmar sirri daidai ce.

CIFS, sashen da ke ɗaura foldar Windows, yana kuma dogara da wasu sassan kanel da ake yawan yankewa don rage girma. In babu md4, md5 ko hmac, dmesg zai ce could not allocate crypto, mount kuma ya buga No such file or directory, ka yi ta neman foldar da take nan daram. In ka sa iocharset=utf8 babu modul ɗin nls_utf8, sai ka ga Can not access a needed shared library, alhali babu wani laburare da ya ɓata. Don ƙarin bayani ka buga echo 7 > /proc/fs/cifs/cifsFYI kafin ka sake gwadawa. In kuma wurin yana amfani da Kerberos wajen tantance masu shiga, duba agogo: allon da ba shi da batirin agogo yakan tashi a 1970, Kerberos kuma a al'adance ba ya yafe bambancin da ya wuce minti 5.

Za ka haɗu da masu ba ka shawarar ka kunna SMB1 a Windows a wuce wurin. Zai yi aiki, amma ka raunana kwamfutar da kowa yake amfani da ita saboda allo guda. Ban yarda da wannan cinikin ba.

Allo na biyu: yau ya ɗaura, gobe ya ƙi

Tunda da hannu yana yi, zaɓuɓɓukansa daidai suke. Tsere ne tsakanin ɗauri da tashin hanyar sadarwa. A tsarin Buildroot mai init na BusyBox, mount -a, mai ɗaura abin da aka jera a fayil ɗin fstab, yana cikin /etc/inittab, yana gudana tun kafin S40network ya tayar da eth0, katin sadarwar allon. Ko da an matsar da shi baya, tashin eth0 ba ya nufin hanya ta buɗe. Sai an gama daidaita gudun waya tsakanin allo da suwic, sai DHCP ya ba da adireshi, kuma in suwic ɗin yana gudanar da tsohon STP ba a sa ƙofar a yanayin portfast ba, zai riƙe ta kimanin daƙiƙa 30 kafin ya bar komai ya wuce. Ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita kuwa, allon zai tashi cikin daƙiƙu, sabar tana can tana duba faifanta.

Kada ka magance shi da sleep 10. Zai yi a teburinka ya ƙi a wurin aiki. Ka sa noauto a layin fstab, ka rubuta ƙaramin rubutun tashi da ke zuwa bayan S40network, yana gwada ɗaurin, in ya ƙi ya jira ya sake, a bayan fage don kada ya tsayar da sauran tashin. Shirin da ke rubuta bayanai kuma ya riƙa tabbatarwa da mountpoint -q kafin ya rubuta. In bai yi ba, zai zuba bayanan a foldar allon da ba a ɗaura komai a kanta ba, ya cika ƙwaƙwalwar, kai kuma kana zaton suna sabar. A allon da ke da systemd abin ya fi sauƙi: _netdev da x-systemd.automount a fstab suna sa a jinkirta ɗaurin har sai an fara taɓa foldar.

Bayan an ɗaura

Nan gaba za ka iya ganin nfs: server not responding, still trying. In ls yana yi amma kwafar babban fayil tana maƙalewa, ka zargi girman ƙunshi. A kan UDP, karatu guda na baiti 8192 yana tsagewa gida shida a wayar da MTU ɗinta, wato iyakar girman ƙunshi, 1500 ne, in ɗaya ya ɓata duka sun ɓata, ƙananan katunan sadarwa kuma ba su da wurin tara su da yawa. TCP yana kawar da mafi yawan wannan. In ya ci gaba a kan TCP, ka duba ko sabar tana kan MTU 9000 allon yana 1500, ka kuma duba ƙididdigar kurakurai a ifconfig. Ga mai nfsroot, sanadin da ya fi yawa shi ne rubutun tashi ya sake saita eth0, wato ya sare reshen da tsarin yake zaune a kai. A cire eth0 daga hannun rubutun.

In wani tsohon shiri ya ce Value too large for defined data type, shiri ne mai bit 32 da aka gina ba tare da tallafin manyan fayiloli ba, sabar kuma ta ba shi lambar inode mai bit 64. Ana sa nfs.enable_ino64=0 a layin kanel, ko noserverino ga CIFS, kafin a sake gina shirin yadda ya kamata.

Sai batun hard da soft, wanda za ka yanke da kanka. Da hard, wanda shi ne al'ada, in sabar ta ɓace shirin zai tsaya yana jira har ta dawo, in kuma akwai watchdog, mai sake tayar da allo in shiri ya yi shiru, da ke jiran shirin sai allon ya yi ta sake tashi. Da soft, zai dawo da kuskure bayan ƙoƙarin da timeo da retrans suka ƙayyade, amma rubutu na iya ɓata in shirin ba ya duba sakamakon kowane rubutu. Zaɓin intr da za ka gani a tsofaffin misalai ba ya yin komai tun kanel 2.6.25. Ga na'ura mai tattara bayanai irin taka, abin da nake yi shi ne shirin ya rubuta a ƙwaƙwalwar allon, wani shiri daban ya riƙa kwashewa zuwa sabar yana share abin da ya tabbata ya isa. Ta haka mutuwar sabar jinkiri kawai take jawowa, ba asarar bayanai ba.

Duk abin da na faɗa yana da iyaka guda: kanel ɗin masu ƙera allon. In babu NFS ko SMB2 a cikinsa, kuma ba su ba ka tushensa da saitinsa ba, babu zaɓin mount da zai ƙirƙiro abin da ba a gina ba, modul da aka gina wa wani kanel kuma ba zai shiga ba. A nan sai dai ka bar ɗauri gaba ɗaya ka tura fayilolin da rsync ko scp, waɗanda ba sa neman NFS ko SMB2 daga kanel, ko ka ajiye wata ƙaramar kwamfuta a keɓaɓɓiyar hanya tana magana da allon da tsohon yare, tana miƙa wa sabar da sabo. In ka gwada layin nolock ɗin can bai yi ba, turo min layuka 20 na ƙarshen dmesg, da abin da exportfs -v da rpcinfo -p suka nuna a sabar, ka goge kalmar sirri kafin ka turo.